Bayani Bisa Fitilar Jakar Iska Ta Tsohuwar Mota, Da Hanyar Gyaranta

Maganarmu ta yau bisa wata 'yar fitila ce wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa girma ba, tana zaune cikin allon da ke gaban direba, kusa da mitar gudu da mitar mai. A wasu motoci ja ce, a wasu kuwa ruwan ɗorawa. Wani sa'i a kan zana ta da siffar mutum zaune, da wani abu kamar ƙwarya a gabansa, wani sa'i kuwa haruffan boko uku ne kawai, SRS. Ita ce fitilar jakar iska, watau abin nan da makanikai ke kira iyabag.

Galibin motocin da jama'armu ke hawa tsofaffi ne, sun yi aiki a Amurka ko Turai tukuna suka shigo ta Legas ko ta Kwatano, waɗanda a ke ce wa Beljiyam ko tokumbo. Da yawa cikinsu wannan fitila tana kama, ta zauna ba ta mutuwa. Mai mota ya duba ya ga inji yana tashi, birki yana ci, shan mai bai ƙaru ba, sai ya ce ai ba wani abu ba ne. Wani ya manna mata takarda don kada ta dame shi da dare. Wani ya kai wa mai gyaran waya, ya ce a kashe masa ita ko ta halin ƙaƙa. To, ku sani, wannan fitila shaida ce, kuma abin da ta ke shaida bisa kansa ya shafi rai. Mai hankali ba ya toshe bakin shaida, sai ya saurari abin da ta zo da shi.

FASALI NA FARKO: MECE CE JAKAR ISKA

Jaka ce ta zaren roba mai ƙarfi, an naɗe ta an ɓoye cikin cibiyar sitiyari, an ɓoye wata a gaban wanda ke zaune kusa da direba. Motocin baya-bayan nan suna da ƙari a gefen kujeru da kuma saman ƙofofi. A bayan kowace jaka akwai wani ɗan gwangwani na ƙarfe, cikinsa da sinadari mai kama da albarushi, da kuma wata siririyar waya da ke kunna shi. In mota ta yi karo mai tsanani, wasu na'urori masu jin girgiza su kan ba da labari ga wani ɗan akwati, wanda makanikai ke ce wa ƙwaƙwalwa. Ita ke auna ƙarfin karon. In ta ga ya kai, sai ta saki wuta zuwa ga gwangwanin, sinadarin ya ƙone, ya fid da iska mai yawa, jaka ta fasa murfinta ta cika ta tare ƙirjin mutum da fuskarsa, sa'an nan ta sace nan take ta wasu ƙofofi da a ka bar mata. Dukan wannan ya kan auku cikin kamar kashi 1 bisa 20 na sakan guda, watau ya fi ƙiftawar ido sauri, kuma jakar tana fitowa da gudun da ya kan kai kilomita 300 a awa.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1953 wani Ba'amurke, John Hetrick, ya sami takardar mallakar ƙirƙirar irin wannan jaka, amma ta farkon da matsattsiyar iska a ka yi nufin cika ta, ba ta kuwa cika da saurin da a ke bukata. Kamfanin General Motors ya fara sayar da ita cikin wasu manyan motocinsa a 1974, masu saye ba su yi yawa ba, a ka dakata. Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya shigo da tasa a 1981. Daga baya hukumar Amurka ta wajabta jaka biyu a gaba, ta direba da ta abokin zamansa, bisa dukan sababbin ƙananan motoci tun daga na shekarar 1998, sauran kamar a-kori-kura kuwa daga na 1999. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta wannan ƙasa ta lissafta cewa daga 1987 zuwa 2017 jakunkunan gaba sun zama sanadin tsirar mutum fiye da 50,000 a can. Saboda haka duk tsohuwar motar da ta fito daga Amurka bayan waɗannan shekaru, da jaka a ka ƙera ta, sai dai in wani ya cire.

Haruffan nan uku ma suna da ma'ana da ya kamata direba ya sani. Fassararsu ita ce ƙarin tsari, watau ƙari bisa bel ɗin kujera. Bel shi ne asali, jaka reshe ce. Wanda bai ɗaura bel ba, karo zai jefa shi gaba ya gamu da jakar tun tana cikin fitowa da ƙarfinta, sai abin da a ka yi don tsaronsa ya zama shi ne ya ji masa rauni. A Nijeriya hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel tun farkon 2003, har wa yau kuwa akwai direbobin da ba su ɗaurawa sai sun hango ma'aikata.

FASALI NA BIYU: ABIN DA FITILAR KE FAƊI

Duk sa'ad da ka murɗa makulli, ƙwaƙwalwar ta kan binciki kayanta ɗaya bayan ɗaya. Tana tura wuta 'yar ƙanƙanuwa, wadda ba ta isa kunna sinadari ba, zuwa ga kowace jaka, ta auna ko hanyar tana nan lafiya. Lokacin wannan bincike fitilar ta kan kama, ta yi kamar sakan 6, sa'an nan ta mutu da kanta. Wannan ita ce alamar lafiya.

Alamun ciwo uku ne. Na ɗaya, ta kama ta ƙi mutuwa. Na biyu, ta mutu sa'an nan ta dawo ana cikin tafiya, ko ta riƙa ƙyaftawa. Na uku, wanda ya fi su ɓoyuwa, ta ƙi kamawa sam ko da an murɗa makulli. Mutane su kan yi murna da na ukun, alhali kuwa ma'anarsa ko dai ƙwan fitilar ya mutu, ko kuwa wani ya cire shi da gangan.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, to ƙwaƙwalwar ta ga abin da ba ta yarda da shi ba. A wasu motoci sai ta rufe sashen da ya lalace kaɗai, a wasu kuwa ta dakatar da aikin duka. Direba ba shi da hanyar sanin wanne ne daga kujerarsa. Don haka hukuncin da ya fi tsira shi ne ya ɗauka cewa muddin fitilar tana kunne, ran da karo ya zo jakar ba za ta fito ba. Sauran kayan mota ana gane lalacewarsu yau da gobe, birki ya yi sanyi, taya ta suɗe, inji ya yi ƙara. Jakar iska kuwa sau ɗaya a ke gwada ta, ran da ba a so, ba ta da wani bakin da za ta yi magana kafin ranar sai wannan fitila.

FASALI NA UKU: SABABAN KAMAWARTA

Abin farin ciki shi ne, a mafi yawan tsofaffin motoci jakar kanta lafiyarta lau, ciwon yana cikin hanyar da wuta ke bi zuwa gare ta. Ga sababan da a ka fi gamuwa da su, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na farko, raunin batir. Batir mai lafiya ya kan nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5 in inji yana aiki. In batir ya tsufa, ko abin caji ya gaza, ko an tashi mota da batirin aro, wuta ta kan faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwar ke bukata, sai ta rubuta laifi ta kunna fitila. A wasu motoci fitilar ta kan mutu da zarar wuta ta daidaita, a wasu kuwa ta zauna sai an share. A nan kuma a kan duba fis, gama fis ɗaya da ya ƙone ya isa ya jawo wannan duka.

Na biyu, soket ɗin ƙarƙashin kujera. In ka leƙa ƙarƙashin kujerar gaba za ka ga wayoyi da soket masu launin rawaya. Masu ƙira sun zaɓi wannan launi domin a rarrabe wayoyin jakar iska da sauran. Kujera kullum ana tura ta gaba da baya, shekara 15 ko 20, sai soket ya yi sako-sako, ko ƙura da tsatsa su shiga. Bayan haka mu kan mai da ƙarƙashin kujera rumbu, a cusa buta da takalma da galan da ƙunshin kaya, su riƙa jan wayar har ta ɓalle. Duk wanda fitilarsa ta kama jim kaɗan bayan an motsa kujera, ko bayan an cire kujeru don wanki, to ya fara tuhumar wannan wuri.

Na uku, naɗaɗɗiyar wayar sitiyari. Sitiyari yana juyawa, jaka tana cikinsa, wuta kuwa tilas ta isa gare ta ko ina ya juya. Dabarar da a ka yi ita ce wata waya mai faɗi kamar zaren kaset, an naɗe ta cikin wani faifai a bayan sitiyarin, tana warwarewa tana naɗewa gwargwadon juyinsa. Tsufa ya kan karya ta. Amma abin da ya fi karya ta a garejojinmu shi ne gyaran ƙafa: makanike ya kwance sandar sitiyari daga ƙasa, yaron gareji ya juya sitiyarin a banza ya wuce iyaka, waya ta tsinke ba wanda ya ji. Alamar wannan ciwo a bayyane ta ke, gama oda da maɓallan bisa sitiyari ta cikin wannan faifai su ke samun wuta. In fitila ta kama, oda kuma ta daina kuka, ko tana kuka a wani juyi tana yin shiru a wani, to an gano ɓarawo.

Na huɗu, bel ɗin kujera. Mutane kaɗan su ka san cewa cikin bel ɗin ma akwai ɗan sinadari, wanda ke fizge bel ɗin ya ɗame mutum lokacin karo. Sau ɗaya ya ke aiki. Motar da ta taɓa yin haɗari, a ka gyara jikinta a ka fesa fenti a ka bar tsohon bel, fitilarta za ta kama. A kan gane irin wannan bel da cewa ya sandare ba ya jawuwa, ko ya saki ba ya komawa. Maƙallin da a ke soka bel ɗin ma yana da waya, ita ma ta kan lalace.

Na biyar, abin awon nauyi. Motocin Amurka da a ka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 suna da ma'auni cikin kujerar da ke kusa da direba, domin a gane ko babba ne zaune ko yaro. Durƙuso bisa kujera, da ɗora mata kaya masu nauyi, da jiƙa ta, duk su kan ɓata shi.

Na shida, ruwa. Ƙwaƙwalwar jakar iska a ƙasa ta ke, a yawancin motoci tsakiyar daɓe kusa da giya ko birkin hannu, a wasu ƙarƙashin kujera. In mota ta shiga ambaliyar damina, ko masu wanki su ka sa mesa cikinta, ko ruwan na'urar sanyi ya riƙa ɗiga ƙarƙashin kafet, sai tsatsa ta ci ta. Akwai kuma motocin da ambaliya ta cinye a can Amurka, a ka yi gwanjonsu, su ka ƙetaro teku. Warin ruma cikin mota, da laka ƙarƙashin kafet, da tsatsa bisa ƙusoshin kujera, shaidu ne masu ƙarfi.

Na bakwai, na'urorin jin karo da ke gaba, bayan bamba kusa da lagireto. Ruwa da laka da ƙananan karo su kan taɓa su, mai gyaran jiki kuma ya kan manta bai mai da soket ɗinsu ba.

FASALI NA HUƊU: TSARIN GYARA

Mataki na farko shi ne tambayar ƙwaƙwalwar kanta, domin duk laifin da ta gani ta kan rubuta shi da lamba ta ajiye. Ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai baki 16, wanda a ka wajabta bisa motocin Amurka tun 1996, nan a ke jona na'urar bincike. Sai dai a lura, ƙananan na'urori masu araha laifin inji kaɗai su ke karantawa, su ce maka ba kome alhali fitila tana kunne. Nemi mai gyaran da na'urarsa ke shiga sashen jakar iska. Lambar za ta faɗi wurin, misali ta ce hanyar jakar direba ta yanke, ko ta ce ta kujerar dama ta haɗu da jikin mota. A rubuta lambar bisa takarda kafin a share ta. Wanda ya fara sayen kaya kafin a karanta lamba, ya yi kama da mai shan magani kafin a san cutarsa, ya kashe kuɗi, ciwo yana nan.

Lamba kuwa tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida ba. In ta ce hanyar jakar direba ta yanke, mai yiwuwa soket ne, mai yiwuwa naɗaɗɗiyar waya ce, da wuya ƙwarai ya zama jakar kanta. Saboda haka a fara da mai sauƙi.

Kafin hannu ya taɓa waya mai rawaya, akwai ladubba da ba a ƙetarewa. A kashe mota, a zare makulli, a cire kan batir na baƙar waya, sa'an nan a jira. Dalilin jiran shi ne ƙwaƙwalwar tana da ajiyar wuta tata, wadda a ka tanada domin jaka ta fito ko da batir ya fashe cikin karo. Littattafan Toyota sun ce a jira aƙalla sakan 90, na Honda sun ce minti 3, wasu sun fi haka. Mai hankali ya jira minti 10, ba abin da zai rasa.

Kada a sa fitilar gwaji, irin wadda masu gyaran waya ke tsikarar wayoyi da ita, bisa wayar jakar iska. Kada kuma a auna jakar da mitar hannu, domin mitar tana tura wutarta, wannan wuta kuwa tana iya tayar da sinadari a fuskar mai awo. In an ciro jaka, a ɗauke ta murfin yana fuskantar nesa da jiki, a ajiye ta murfin yana kallon sama, nesa da wuta da walda. In an kife ta ta tashi, gwangwanin ƙarfen ne zai yi sama kamar harsashi. Kada a buɗe gwangwanin faufau.

In soket ne, a zare shi a hankali, gama yana da ɗan makulli na biyu da a ke ɗagawa tukuna. A share shi da maganin wanke soket, a bari ya bushe, a mai da shi har ya yi ƙas, a ɗaure wayar yadda kujera ba za ta ja ta ba. Wayar da ta tsinke ba a murɗe ta da hannu a naɗe da salatif kamar wayar rediyo. Ƙwaƙwalwar tana auna taurin hanyar da ma'auni mai laushi, wajen om 2 zuwa 3 kacal, ƙulli ɗaya marar kyau ya isa ya ɓata lissafin, ko ya saki ran karo. Gara a sauya wannan yanki na waya ɗungum.

In naɗaɗɗiyar wayar sitiyari ce, sabuwa a ke sawa. A daidaita tayoyin gaba su miƙe sosai kafin a cire sitiyari. Sabuwar ta kan zo a kulle a tsakiyarta, kada a zare abin kullen sai an ɗaura ta. In ta riga ta kwance, a juya ta a hankali har ta tsaya, sa'an nan a komo da ita kamar juyi biyu da rabi har alamominta su haɗu, bisa ga abin da a ka rubuta a jikinta. Wanda ya ɗaura ta a karkace, za ta tsinke a kwanar farko.

Ƙwaƙwalwar da ruwa ya ci, da bel ɗin da ya riga ya tashi, da jakar da ta riga ta fito, ba su da gyara sai sauyi, da kayan da lambarsu ta dace da ta motar. In an gama, a mai da dukan soket tukuna a jona batir, kowa ya janye daga gaban jakunkuna, a murɗa makulli, a share tsohuwar lamba da na'ura. Cire batir kaɗai ba ya share ta. In fitila ta kama ta mutu bisa ƙa'ida, ta kuma zauna a mace bayan an zaga gari an juya sitiyari iyakarsa dama da hagu, to gyara ya yi.

FASALI NA BIYAR: GYARAN ƘARYA, DA JAN KUNNE GA MASU CINIKI

Akwai hanyoyi uku da a ke kashe fitila ba tare da an taɓa ciwon ba. Wasu su kan cire ƙwan, ko su shafe shi da baƙin fenti ta ciki. Wasu su kan sa wani ɗan abu mai araha cikin soket, wanda taurinsa ya yi daidai da na jaka, ƙwaƙwalwa ta zaci jaka tana nan alhali cibiyar sitiyari fanko ce ko cike da tsumma. Wasu kuwa, da su ka fi wayo, su kan haɗa fitilar da ta man inji, domin ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi.

Ga yadda mai saye zai kama ta farko da ta uku ba da ko kwabo ba. Murɗa makulli har fitilu su kama, amma kada ka tashi inji. Zuba ido, ka ƙirga. Fitilar gaskiya za ta kama, ta mutu ita kaɗai bayan 'yan sakanni, ta bar ta mai da ta batir a kunne. In ba ta kama ba sam, ko kuwa ta jira sai da inji ya tashi ta mutu tare da ta mai, to akwai magana. Ta biyu kuwa sai an duba murfin sitiyari da na gaban fasinja, ko launinsu ya saɓa da na sauran, ko akwai alamar gam da ɗinki, sa'an nan a sa amintaccen makanike ya buɗe ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Dillalai da masu shigo da motoci, wannan magana taku ce. Malamai sun san hukuncin ɓoye aibi cikin babin ciniki, da haƙƙin mai saye na mai da kaya in aibin ya bayyana. Amma wannan aibi ya bambanta da na doki mai ɗingishi ko tufa mai huji, gama ran da zai bayyana, mai yiwuwa ne wanda zai kawo ƙara ba ya nan. In motar ba ta da jaka, a faɗa masa, a rage kuɗi, ya saya bisa sani ya yi tuƙi bisa sani. Mai gyara kuma in an ce ya kashe fitila kawai, ya bayyana wa mai motar abin da ke ƙarƙashin wannan roƙo, domin motar za ta ɗauki iyali da almajirai da fasinjoji waɗanda ba a yi shawara da su ba.

FASALI NA SHIDA: AIBIN DA FITILA BA TA GANI

Wajibi ne mu ƙara wani gargaɗi, domin kada a ɗauka mutuwar fitila ita ce iyakar lafiya. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana cika gwangwanayensa da sinadarin amoniyam naitiret, irin wanda ke cikin wani takin zamani. Daga baya a ka gane cewa zafi da laima na shekaru su kan ɓata shi, ran da jaka ta tashi sai ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwani ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su nufi wuya da fuskar direba. A Amurka kaɗai an yi kiran a dawo da kamar miliyan 67 domin a sauya su, mutum fiye da 25 sun mutu a can ta wannan hanya, kamfanin kuma ya karye a 2017. Fitila ba ta nuna wannan aibi, gama wayarsa lafiya ta ke.

Abin ya shafi kamfanonin mota masu yawa, cikinsu har da irin motocin da su ka cika tashoshinmu. A 2023 Honda ta gargaɗi masu Accord da Civic na 2001 da 2002 a Amurka, waɗanda ba a sauya musu ba, da su daina hawa sai an gyara. A 2024 Toyota ta yi irin wannan gargaɗi bisa wasu Corolla na 2003 da 2004. Motar da ta baro can kafin a sauya mata ta zo da aibinta, ƙasarmu kuwa ta zafi ce. Kowace mota tana da lambar jiki mai harafi da adadi 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba. Wanda ya iya intanet zai iya shigar da ita a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, ya ga ko akwai kiran da ba a amsa ba, sa'an nan a tuntuɓi wakilin kamfanin motar. Wannan kuma dalili ne na yin hattara da jakunkunan da a ke cirowa daga matattun motoci a kasuwar kayan gyara, waɗanda ba a san asalinsu ba. Araha ba ta ado.

KAMMALAWA

Ko jaka tana da lafiya, tana da sharuɗɗa. Direba ya ɗaura bel, ya bar tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari. Yara 'yan ƙasa da shekara 13 su zauna baya. Kada mace ta rungumi jariri a kujerar gaba, kada a cusa mutum biyu a wurin mutum ɗaya, kada a ɗora ƙafa ko kaya bisa murfin jakar.

Gobe da safe, ya kai mai mota, kafin ka tashi inji, ba wannan fitila sakan 6 daga lokacinka. In ta kama ta mutu, ka yi godiya ka kama hanya. In ta yi wani abu dabam, ka nemi mai na'ura cikin makon nan, tun mota tana tsaye bisa ƙafafunta, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta ya karanta wa direbansa da maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.